Likita ta ce in kawo maigida da amaryarsa, shi kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, shekarata 29, aurena shekara 8, 'ya'yana biyu, ƙaramar ta kusa shekara 4. Tun da maigida ya ƙara aure shekara 2 da suka wuce nake fama da sanyi: ruwa mai wari, ƙaiƙayi, ciwon mara, wani lokaci har da zafi wajen kwanciyar aure. Na sha na kemis, na sha na gargajiya, na je leb suka ce staf ne. Sai ya lafa, ya sake dawowa. Na fi shekara da barin tsarin iyali, shiru babu ciki. Kwanan baya na je asibiti, likita ta duba ni ta ce cutar ta fara hawa mahaifa, ta rubuta min allura da ƙwayoyi na kwana 14, ta ce lalle in kawo mijina da abokiyar zamana. Da na gaya masa sai ya fusata, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, a bayan gida na kwaso. Amaryar bazawara ce, yanzu haka tana da ciki wata 4, kuma zuciyata na gaya min ita ta kawo mana. In tunkare ta ne, in kai ƙara gidansu maigida, ko in sha maganina in yi shiru?

Wata baiwar Allah, Tudun Wada

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Shekara biyu mace tana fama da abin da ba ta iya faɗa a gaban mutane ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma na ji daɗi da kika kai kanki asibiti.

Cikin hanyoyi ukun da kika lissafa babu wadda zan ɗora ki a kai. Maganar likitarki ita ce magana. Ku uku ne kuke buƙatar magani, kuma a lokaci guda. Kin san idan ƙazwa ta shiga ɗakin yara, ba a shafa wa ɗaya magani a bar sauran da suke kwana tabarma ɗaya da shi, don kafin mako ya zagayo ta dawo masa. To haka gidanki yake. Kin sha magani kin warke, maigida ya yi kwana biyunsa a ɗakin amarya, girki ya zagayo kanki, cutar ta dawo tare da shi. Ko maganin da ya fi kowane kyau a duniya aka ba ki, ba ya hana ki sake kamuwa. Wannan yana cikin dalilan da suke sa mata cewa sanyinsu ba ya jin magani.

Da maigida ya ce lafiyarsa ƙalau, mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba, iya abin da jikinsa ya gaya masa ke nan. Cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa waɗanda ake warkewa daga gare su, manyansu huɗu ne. Akwai gonoriya, wadda ita ce ciwon sanyin da iyayenmu suka sani, mai sa namiji zafin fitsari da fitar mugunya. Akwai kilamidiya, akwai tirikomonas, sai tunjere, wanda likitoci ke kira sifilis. Gonoriya ce kawai ta cika tona kanta a jikin namiji, ita ma ba kullum ba. Kilamidiya takan zauna watanni, har fiye da shekara, mutum bai ji komai ba, yana kuma bai wa iyalinsa. Tirikomonas kuwa mafi yawan mazan da ke ɗauke da ita ba su san suna da ita ba, matan ne ke shan ƙaiƙayi da wari. Shi tunjere ɗan gyambo yake fitarwa marar zafi, ya warke da kansa cikin 'yan makonni, mutum ya ɗauka ya rabu da shi, alhali ya shige cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da waɗannan huɗun tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, wato sama da miliyan ɗaya kowace rana, kuma ta ce mafi yawansu ba sa nuna wata alama. Saboda haka rashin jin ciwo ba shaidar lafiya ba ce, kuma gidanku ba shi ne farau ba.

Batun bayan gida kuwa, ina so ki cire shi daga ranki. Waɗannan ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a wajen jikin mutum, ba kuwa sa tasowa daga ramin masai su shiga jikin mace. Na san dalilin da ya sa wannan magana ta samu gindin zama a wajenmu: tana rufa wa kowa asiri. Mace ta faɗe ta ba tare da ta zargi mijinta ba, miji ya faɗe ta ya huta da tambaya. Amma kuɗin wannan rufin asiri mace ce ke biya, da mahaifarta, domin muddin an ce daga bayan gida ne, babu mai tunanin a yi wa namiji magani.

Sai dai kar ki ɗauka duk ruwan da mace ta gani daga namiji ya zo. Akwai ruwan da yake na halitta, fari ko garai-garai, marar wari, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon kwanakin wata, wannan ba ya son magani. Akwai ƙaiƙayi mai zuwa da farin abu kamar kindirmo, wanda yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ciki, ko ciwon suga ke tayarwa. Akwai kuma ruwa mai ƙarni da ke zuwa idan an dagula ƙwayoyin da Allah Ya halitta a gaban mace don su kare ta. Abin da ke dagula su sanannu ne: tsarki da sabulu har can ciki, wanki da ruwan Dettol, cusa alif, da matsi iri-iri da ake tallarsu a gidajen biki da WhatsApp. Na san mace idan an yi mata kishiya ana cika mata kunne da shawarar gyara. In kina cikin masu yi, ki dakata da duk wani abin cusawa. Ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar.

Shi kuma staf ɗin da leb suka rubuta miki, ƙwayar cuta ce da ke zaune a fatar mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, har a cikin hanci. Idan aka ɗauki ruwan gaba da auduga, sau da yawa takan biyo daga fata ta fito a sakamako. Ba ta cikin jerin cututtukan saduwa. Abin da ya fi damuna shi ne, irin wannan gwajin da aka saba yi ba ya ganin kilamidiya ko kaɗan, ita tana da nata gwajin daban wanda ba kowane leb ke yi ba. Sai mace ta shekara tana yaƙi da staf, masu magani a mota da lasifika a bakin kasuwa suna karɓe mata kuɗi, ainihin cutar kuwa tana can tana aikinta. Shi ya sa likitoci a asibitocinmu sukan duba alamomi su haɗa maganin da zai kashe gonoriya da kilamidiya da sauransu gaba ɗaya, kamar yadda aka yi miki. Leb aikinsa gwaji, fassara sakamako da rubuta magani aikin likita ne.

Maganin kemis ma yana da tasa illar, kuma ba a kanki kaɗai ta tsaya ba. Gonoriya cuta ce mai saurin koyon yadda za ta kauce wa magani. A da fenisilin na kashe ta, ta fi ƙarfinsa. Aka koma tetirasaikilin, kafson nan ja da rawaya, shi ma ta fi ƙarfinsa. Maganin sifuro da ake ta sha kamar gyaɗa, a ƙasashe da yawa ya daina yi mata komai. Yau abin da aka fi dogara da shi allura ce guda mai suna seftiriyazon, ita ma an fara samun inda take gazawa a wasu ƙasashe. Duk wanda ya sayi kafso na kwana biyu ya sha, ya ji sauƙi ya ajiye, raunanan ƙwayoyin ya kashe, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Don Allah kwana 14 ɗin nan ki cika su cif, ko da kin ji garau tun a rana ta uku.

Yanzu ga abin da ya sa ba zan ce ki yi haƙuri ki bi a hankali ba. Ciwon mara da zafin kwanciya da kika ambata, su ne alamar cutar ta wuce bakin mahaifa ta hau sama, zuwa hanyoyi biyun nan da ƙwai ke bi ya iso mahaifa. Hanyoyin sirara ne ƙwarai. Duk lokacin da suka kumbura suka warke sukan bar tabo, kuma kowace sabuwar kamuwa tana ƙara wani tabon a kan na baya. Magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya goge tabo. Idan tabon ya toshe hanya, ciki ya ƙi samuwa. Idan ya rage ta ne kawai, ciki na iya tsayawa a cikin hanyar maimakon mahaifa, ya fashe, mace ta zubar da jini a cikin cikinta. Ban ce hanyoyinki sun toshe ba, mata da yawa sun yi irin wannan ciwo sun warke sun ci gaba da haihuwa. Abin da nake cewa shi ne kowane zagaye na warkewa da sake kamuwa yana rage miki dama, saboda haka wannan ya zama na ƙarshe. Kuma ki riƙe wannan da kyau: ranar da al'adarki ta yi jinkiri, kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko jiri, ko ɗigon jini, ko kuwa zazzaɓi mai zafi da amai suka haɗu da ciwon marar, ba kemis za ki ba, ba kuma jiran gari ya waye za ki yi ba. Asibiti kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne.

Mu zo kan amarya. Na fahimci yadda lissafin ya zo miki: ba ki da ciwo, ta shigo, ciwo ya zo. Ba zan ce miki ba zai yiwu ba. Amma ki sani babu gwajin da zai nuna wa ya riga wa kamuwa, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a Ingila. Ta yiwu ta zo da ita daga gidan tsohon mijinta ba ta sani ba, kamar yadda ke ma ba ki san lokacin da ta shige ki ba, ka ga ita ma an cuce ta ne. Ta yiwu shi maigidan ne ya kwaso a wani wuri ya raba muku ku biyu, ba zan ɓoye miki cewa hakan na faruwa ba. Ta yiwu kuma wani abin ya daɗe kwance. In ma ya ce miki ai sun yi gwaji kafin a ɗaura aure, wancan gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini aka fi dubawa, ba a cika neman gonoriya ko kilamidiya ba. Tun da ba ki da hujja, tunkararta da wannan magana jifa ce da abin da ke kusa da ƙazafi, kin kuwa san nauyinsa a addini. Allah Ya ce mu nisanci da yawa daga zato, domin sashen zato zunubi ne. Ta fuskar dabara ma asara ce: ranar da kika ce ita ta kawo, ranar maigida zai koma kare amaryarsa, ita ta koma kare mutuncinta, maganar asibiti ta mutu.

Akwai kuma wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne ɗan da ke cikinta. Gonoriya na shiga idon jariri wajen haihuwa, ido ya kumbura yana mugunya, in ba a yi gaggawa ba ya makance. Kilamidiya na taɓa masa ido da huhu. Tunjere ya fi su muni, domin tun a ciki yake ratsawa ya kama ɗa: ɓari, haihuwar bakwaini, ko a haife shi babu rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata masu ciki kusan miliyan 1.1 ne ke ɗauke da shi, kuma sama da 390,000 daga cikin waɗannan cikkunan sun gamu da irin wannan matsala. Abin takaicin, gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin mintuna, maganinsa kuwa allurar fenisilin ce mai araha, kuma gwargwadon yadda aka yi ta da wuri, gwargwadon tsirar jariri. Wata huɗu lokaci ne mai kyau, wata takwas an makara da yawa. Wannan yaro ƙanin 'ya'yanki ne, ƙanwata. Ko me ke tsakaninki da uwarsa, ina roƙonki kar shirunki ya zama sanadin cutuwarsa. Ki kuma kiyaye, kada tausayi ya sa ki ɗiba mata cikin ƙwayoyinki. Cikin magungunan da ake ba mai irin ciwonki akwai wanda ba a ba mai ciki, nata daban likita zai zaɓa.

To yaya za a yi da maigida? Ina jin abin da ya fusata shi bai wuce abin da kunnensa ya jiye masa ba. Ke kin ce likita na nemansa, shi kuwa ya ji kamar an ce masa mazinaci. Sai ki sake ɗauko maganar ta wata ƙofa. Ki zaɓi ranar girkinki, bayan ya ci ya natsu, yara sun yi barci, ba a gaban kowa ba. Ki fara da cire masa wannan ƙayar: ki ce ba ki zarginsa, ba ki zargin amarya, likita ma ta ce ba a iya sanin inda abin ya faro, kuma mutum kan ɗauke shi bai sani ba. Sannan ki gaya masa abin da ke cikin hatsari, wato haihuwarki da lafiyar cikin da ake jira. Namijin da ba zai taka asibiti don kansa ba, sau da yawa zai taka don ɗansa. Ki nemi abu ƙarami bayyananne: zuwa ɗaya, gwajin jini da fitsari, allura da ƙwayoyi na 'yan kwanaki. Ki koma wurin likitarki ta rubuta masa takardar gayyata, domin abin da ya ƙi ji daga bakin matarsa yakan ji shi daga takardar asibiti. In kunyar likita mace yake ji, ya nemi namiji. In idon sani yake gudu, Zariya ba ta rasa wurin zuwa ba: ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga na Wusasa, ba dole sai inda 'yan unguwa za su gan shi ba. Ba dole ne ma ku jera ku uku rana ɗaya ba, abin da ake so maganin ya zo a tsakanin kwanaki ɗaya. Ma'aikatan lafiya kuwa amana ce a kansu su riƙe sirrin marar lafiya.

Ita amarya, ya fi kyau ta ji daga bakinsa, ko ya raka ta awo ya gaya wa nas abin da ake ciki. In ya ƙi, kuma kwanaki suna tafiya, to ki same ta ke da ita cikin mutunci. Ki fara da kanki: an same ni da ciwo, likita ta ce duk gidan sai an duba, na ji tsoron cikinki ne ya sa na zo. Ki ce ta faɗa a wajen awo, ta kuma tambaya ko an yi mata gwajin tunjere. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta yiwu ita ma tana can tana fama, tana zargin ke.

In duk kin yi wannan ya kafe, sai a sa baki, amma ba taron dangi ba. Kai ƙara gidansu zai mayar da maganar lafiya ta zama shari'ar wa ya kawo, kafin Magariba ta zaga dangi, kuma ku matan ne za ku kwana da tabon. Ki nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda yake jin nauyinsa, amininsa ko wansa ko malaminsa. Duk malamin kirki ya san hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, ya kuma san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Kafin ya yarda kuwa, kina da haƙƙin kare jikinki: ko ya ɗauke ƙafa, ko ya yi amfani da kwaroron roba. Wannan ba ƙin miji ba ne, kuma ki faɗa masa da taushin murya cewa umarnin likita ne. In kina tsoron zai kai miki hannu a kan haka, to maganar ta wuce sirri, waliyyinki ya sani. Abu ɗaya da zan hana ki, don na san ana ba mata wannan shawara: kar ki daka magani ki zuba masa a shayi ko kunu. Ba ki san abin da jikinsa ba ya ɗauka ba, allurar ba ta shiga kofi, kuma ran da ya gane, yarda ta ƙare.

Idan kun je, ku yi gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta gaba ɗaya. Na san gabanki zai faɗi da jin haka, amma hanyar shigarsu ɗaya ce, kuma gyambo ko kumburin da waɗancan cututtuka ke yi yana sauƙaƙa wa ƙanjamau shiga. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kimanin kashi 1.4 cikin 100 na manya ke ɗauke da ƙanjamau a Najeriya, ka ga mafi rinjayen masu gwaji lafiya suke fitowa. Wanda aka samu kuma, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, mai shan sa yadda ya kamata yana rayuwarsa, ƙwayar cutar ta ragu har ya daina bai wa iyalinsa, mai ciki kuma ta haifi ɗanta lafiya. Ciwon hanta nau'in B ya ma fi yawa, binciken ya same shi a wajen mutum 8 cikin 100 na manya. Shi yana da rigakafi: wanda gwaji ya nuna ba shi da shi sai ya yi allurar, jaririn amarya kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa.

Bayan kowa ya karɓi magani, babu kwanciyar aure a ɗakunan biyu har sai kowa ya gama nasa, kuma an cika aƙalla kwana 7. Ke naki sai kin kammala 14 ɗinki ciwon marar ya tafi. Bayan wata 3 ku koma a sake dubawa, ko babu abin da kuke ji. In an yi haka, watanni suka shuɗe ciki bai zo ba, ki nemi a tura ki sashen mata da haihuwa a Shika, akwai hoton da ake yi a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke, daga nan a san mataki na gaba.

Ranar da za ki koma wurin likita, ki tattara kwalayen duk magungunan da kika sha a shekara biyun nan, da takardar leb, da sunan abin da kika yi matsi da shi in akwai, da ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe. Ki faɗa mata komai, har wanda kike jin kunyarsa, don da shi za ta san maganin da ya riga ya gaza a jikinki. Allah Ya ba ku lafiya baki ɗaya, Ya sauki abokiyar zamanki lafiya.